Duwatsun Gonar Kakanmu

Litinin, 4 ga Maris 1963
Illo ƙanena ya sauka daga kamyo, babbar motar kaya, ƙura har gira. Wai wani injiniya zai kai mashin garinmu, Dutsin Gora, ya kwashe duwatsun gonaki, don datti ne. In rubuta takarda da Faransanci a hana. Yau aka tuna da ni. Shekara ashirin ina koyarwa a lakwal, aka samu 'yancin kai, ɗalibaina suka hau kujeru, ni aka bar ni da teburin rubuta wa mutane wasiƙu a unguwar Bukoki.

Laraba, 6 ga Maris
Ban rubuta ba. Garin da na gudu daga gare shi!

Alhamis, 7 ga Maris
Na rubuta, shafi shida. Yadda kakanninmu suka hau tudu gudun mahara. Suka fasa tama, suka ƙera hauyarsu da kansu. Mata suka yi ta hawo da ƙasa a kwando daga kwari, maza suka jera duwatsu layi-layi a gicciye don ruwa ya tsaya ya sha. Gero a bisa, albasa a kwari. A yunwar da ta watse garuruwan fili, mu aka zo wa awo.

Litinin, 11 ga Maris
Mun je biro, wato ofis, ni da Illo. Injiniyan, Mumuni, ashe ɗalibina ne. Ya miƙe, ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci: "Mushe, kai ne?" Ya karanta, ya ce Faransancin ba kuskure, amma tarihi ba ya tare ruwa. Ya tambaye ni taki nawa ne tsakanin layi da layi. Ban sani ba. Ni da na haddace kogunan Faransa.
Illo ya ce, "Yaya, bari. Ɗan nan, taho waje." Ya tara ƙasa a gindin itacen bedi, ya jera tsakuwa a gefe guda, ya tuttula ruwan buta. Gefen da ba tsakuwa ya zaizaye nan take. Ɗayan ya riƙe.
"Ka gani? Dutsi ba ya cin gero, tsaron shi yakai."
Mumuni ya tsuguna da wandonsa mai guga. Ya ce a sake.

Juma'a, 15 ga Maris
An dakatar da mashin. Mumuni zai je ya auna layukan da idonsa kafin damina, Illo zai nuna masa. Butar Illo ta yi abin da shafi shida suka kasa. Na yi zaton zai yi mini ciwo, amma bai yi ba.

Asabar, 23 ga Maris
Mumuni Bazabarme ne, Hausar Adar na ba shi wuya, sai da tafinta. Shi ke nan dalilin da zan bi su Dutsin Gora. Na bar wa Zeinabu maƙwabciya makulli. Illo ya ce layin gonar kakanmu na gabas ya zube tun bara, ba mai ɗagawa. Na tambaye shi ko duwatsun na da nauyi sosai.