Sif ɗin da Ya Ƙi Shiga Lungunmu

Shadliyata, sanyin idona, inuwar zaitun da tsakar rana, ruwan rijiyar gidanmu a watan zafi,

Yau shekara shida da wata huɗu rabona da garinmu Mahdiya. Shekara shida ina shaƙar hayaƙin Strasbourg maimakon ƙamshin yasmin ɗin da kike saƙalawa a kunne, ina cin burodi a tsaye bakin sito. Yayanki Ridha ya kawo mini saƙonki, bai rage ko kalma ba: in ban zo kafin a gama tsinkar zaitun ba, za ki mayar wa Inna awarwaron baikonmu. Na ji zafi, amma ba zan ce kin zalunce ni ba.

Kin tuna washegarin baikon, da muka hau ɗakin saman gidan Inna? Kika kama bakin zare, na kama ɗaya, muka auna bango. Kina ƙulla ƙulli kina dariya, iskar teku tana fizgar mayafinki, kika ce nan gado, nan sif, nan taga ta ishe mu. Wane tsuntsu ne ya taɓa kuka mai daɗin dariyar nan? Da zaren na tsallaka teku. Al'ada ta ce ango ne ke cika ɗaki, ni kuwa na rantse ɗakinki sai ya fi na kowa a unguwa.

Da wannan zare na auna sif ɗin da na saya miki a nan, na tsohon katako, ƙirar da ba a kwancewa. Wata goma sha huɗu ina biya. Na ɗaura shi a kan motar ɗan kawuna, ya hau jirgin ruwa kamar basarake. Mun auna bango, Shadliya, ba mu auna lungu ba. Ni da aka haifa a lungun nan, wanda jaki da kaya ma sai ya karkace! An ce mini kwana uku yana tsaye bakin masallaci, har aka kira kafinta ya raba shi biyu da zarto a gaban jama'a. An ce Gwaggo Manubiya ta leƙo ta ce, “Barka, Shadliya, ango ya iso. Sai dai na katako ne.” Ke kuma kika ce wa Ridha, “Yaya, ka gaya masa sif ba ya yin sallama in ya shigo.”

A jikin motar da nake lodi an rubuta kalmar Faransanci, fournir, wato kai wa mutane abin da suke bukata. Tsoho Anselm, mai riƙe makullin sito, ya taɓa koyarwa a makaranta. Ya ce mini kalmar baƙuwa ce kamar ni: daga bakin kakannin Jamusawa ta shigo, kuma a wurinsu tura aiki gaba take nufi har a kammala shi. Sai daga baya ta koma kawo kaya da cika ɗaki. “Kai, Batunise,” in ji shi, “kullum kana aikawa, yaushe za ka gama?” Na so in zage shi. Mutumin da nake ɗaukar masa kayan da bayansa ya gaza ɗauka, a rabin albashinsa. Amma gaskiya ya faɗa, kuma shi kaɗai ke rage mini miya.

Na gaji, masoyiya. Gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa, furfura ta fito mini, ba ki gan ta ba. Me zan kawo miki in na zo? Ba gado, ba madubi, ba zinaren da na yi alkawari. In na tafi kuwa, masu sito ba za su riƙe mini gurbina ba. Duk da haka na gaya wa maigida zan ajiye aiki ƙarshen wata. Ki riƙe awarwaron har ki gan ni. In kin duba kin ga ba mutumin da kika jira ba ne, ki miƙa mini a hannuna, ba zan bari kowa ya zarge ki ba. Ni dai ba wata bayanki, ko kin karɓe ni ko kin ƙi.

Naki har a rufe ni da ƙasa,
Munsif

Ga abin da na tara: faran dubu huɗu da ɗari biyu, bargo biyu, da tikitin jirgin ruwa na zuwa kawai.