Wuyan Babur ɗin Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau Yaya ya yanke wuyan babur ɗin. Tsohon babur ne mai ƙaton inji da ya saya a wajen 'yan gwangwan tun bara, ya jingine shi a bayan gareji har kaji suka mayar da shi wurin kwana. Yanzu wai cofa zai yi da shi, irin dogayen nan da tayar gaba ke can nesa, hannuwa a sama, mutum yana tuƙi kamar ya kishingiɗa. Kafin a samu wannan tsawon sai an datse wuya, inda kan babur ke juyawa, a kwantar da shi baya, a sake ɗinke shi da walda. Ya ce min duk nauyin babur da na mahayinsa a wannan ɗinkin suke rataye, in ya ɓalle ana cikin gudu ba a ma neman asibiti. Yana faɗa yana dariya.

Na san dalilin wannan aikin, ko bai faɗa ba. Tun da aka buɗe sabon shagon walda a tsallaken titi mutanenmu suke sulalewa can ɗaya bayan ɗaya. So yake ya ajiye abin a bakin ƙofa, da lamba da komai, kowa ya gani ya san har yanzu yana nan.

Da yake riƙe da injin yanka na ga hannunsa na dama yana rawa. Ya ga na gani, sai ya tura ni sayo sanfefa, takardar goge ƙarfe, alhali akwai ta cike da akwati.

Alhamis, 6 ga Maris

Shayi ya zube masa a riga. Ya ce kofin ne ya yi zafi.

Talata, 11 ga Maris

Ya yi waldar wuyan.

A garejinmu akwai ƙa'ida tun ina yaro. In Yaya ya gama walda, ya ɗaga gilashin kare fuska, ya kakkaɓe dattin da guduma, sai ya ture aikin gefena. Daga nan ya zama na mai fenti, wato ni. Ba a duba masa aiki, ba a mayar masa da aiki. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shi ya fara koya min walda, da na fara iyawa ya ce masu walda biyu ba sa zama a shago ɗaya, ya miƙa min bindigar fenti. Ban taɓa yi masa musu ba, kuma gaskiya babu abin musun, don ɗinkinsa a da sai ka ji kamar ka shafa a fuska.

Na yau kuwa. Innalillahi. Tudu da kwari, ƙananan ramuka birjik, ta ƙasan wuyan ma ƙarfen bai narke ya shiga juna ba, kawai ya ɗare a sama ne. Ko ɗan koyo ya yi wannan sai ya sha zagi.

Ya ture min shi. Na tsaya ina kallo, shi kuma yana kallona, hannun nan a cikin aljihu. Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe. Abin da ya fito shi ne wane launi yake so.

Ja, in ji shi. Ja mai duhu.

Laraba, 12 ga Maris

Na cike ramukan da fila, ƙullun da muke liƙe ramin ƙarfe da shi kafin fenti, na goge, na sake cikewa. Wuyan ya yi sumul kamar a haka aka ƙera shi. Ina ta ce wa kaina ai na ɗan lokaci ne, zan samu ranar da ransa ke da daɗi in yi masa magana. Wace rana? Ni dai matsoraci ne, shi ke nan.

Asabar, 22 ga Maris

Kwana da kwanaki ban rubuta komai ba, aiki ya sha kaina. Mun ɗora inji, mun sa dogayen ƙafafun gaba, Dogo bakanike na shagon kusa da mu ya haɗa wayoyi da birki. Tankin ɗan siriri ne, ni na buga shi na fitar masa da ƙugu. Salansa biyu a gefe ɗaya, Yaya ya ce a yanke su gajeru don a ji zuwansa tun daga kwana.

Fentin kuwa, abin haushi, ban taɓa yin mai kyansa ba. Ja ne mai zurfi, in rana ta buge shi sai ya yi kamar jiƙaƙƙe. Na ja siririn layin zinariya daga tanki har wuya, daidai kan ɗinkin da na rufe. Me ya kai ni? Hannuna ne ya tafi da kansa. Mutane na tsayawa a titi suna kallo, har mai sabon shagon ya tsallako ya zagaya shi ya koma. Yaya ya yini yana murmushi. Rabona da in gan shi cikin irin wannan farin ciki na manta.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je gidan Yaya gaisuwa, ba ya nan. Matarsa ta zuba min ruwa ta zauna, abin da ba ta saba ba. Ta ce yanzu ita ke sa masa maɓallin riga da safe, kuma ya hana ta faɗa wa kowa, har ni. Likita ya ce ciwon jijiya ne, magani zai rage amma ba zai tsayar ba. Sai ta tambaye ni ko babur ɗin nan lafiya yake, tunda ni ne a kusa.

Na ce mata lafiya lau. Na sha ruwan na fito ina jin ƙyamar kaina.

Laraba, 2 ga Afrilu

Ofishin rajista. Tunda an taɓa ƙashin babur, wato ƙarfen gangar jikinsa, ba sa ba da lamba sai mai duba ya gani da idonsa. Muka ɗora shi a bayan a-kori-kura muka kai, muka yini a rana cikin layin motoci.

Ba zan ɓoye ba, addu'a nake ta yi a ƙi shi. Na ɗora duk begena a kan mutumin nan. Na ce ai aikinsa ne, zai ƙwanƙwasa wuyan, zai ce a kankare fenti ya ga walda, sai maganar ta fito daga bakin hukuma ba daga nawa ba. Yaya ya zagi hukuma, mu dawo gida a sake aiki, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Mai duban ya fito yana sakace haƙori. Ya duba lambar ƙashi da ta inji, ya gwada fitila, ya matsa ham, ya taka birki. Ya kai hannu wuyan, na ce yau za a gano. Ashe layin zinariyar yake shafawa. Ya tambayi wa ya yi fentin, ya ce yana da mota da yake so a yi mata irinsa.

Ya dai ƙi sa hannu, amma saboda babu madubi ta hagu kuma murfin tayar baya ya yi gajarta. Madubi! Mutum zai mutu a kan titi, shi madubi ne damuwarsa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun sa madubi, mun ƙara murfin. Mun koma. Babur ya wuce.

Da aka zo sa hannu a matsayin wanda ya yi waldar, Yaya ya danne wuyan hannunsa na dama da na hagu ya rubuta sunansa. Mai duban yana can yana waya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Lamba ta fito. Yaya ya ƙi bari kowa ya ɗaura, shi ya zauna a ƙasa da sukundireba, ƙusar tana faɗuwa yana ɗauka, tana faɗuwa yana ɗauka. Na juya baya na yi kamar ina wanke bindigar fenti.

Ya zagaya unguwa da babur ɗin a hankali, yara na binsa da ihu. A hankali ba komai. Amma ya ce ranar Asabar masu manyan babura za su fita babban titi, an gayyace shi, shi zai shige gaba. Na san titin. Akwai gangara mai tsawo, a ƙarshenta gada, a bakin gadar kwalta ta tashi. Nan tayar gaban kowa take buguwa da ƙarfi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na cire wayar fulogi na ɓoye a bayan tanki don babur ɗin ya ƙi tashi. Dogo ya gano kafin shayinsa ya huce, ya mayar, ya kalle ni wani iri. Wauta ce, ni ma na sani.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na ce wa Yaya fentin bai gama bushewa ba, iskar babban titi za ta ɓata shi, a bari sai wani watan. Ya yi dariya ya ce fentin da ya kusa wata guda? Ya ce in kishi nake in faɗa, zai ɗauke ni a baya.

Abinci ba ya shiga. Matata ta ce ko ba ni da lafiya ne. Na daka mata tsawa a kan gishiri, ba ta yi min komai ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

An gama.

Da safe ya zo da sabuwar rigar fata da hular kwano, matarsa ta sa masa turare har gareji ya ɗauka. Ya fito da babur bakin ƙofa ya shiga ciki neman safar hannu. Ban shirya komai ba. Na dai ga injin gurza a hannuna, na jona shi, na durƙusa a gaban wuyan na ɗora a kan layin zinariyar.

Jan ya tashi, filar ta tashi fara fat ta cika min fuska. Ya fito da gudu yana kiran sunana yana cewa ko na haukace. Ya finciki rigata ta baya. Ban saki ba sai da ƙarfe ya bayyana, sannan na kashe injin na matsa gefe.

Ya tsaya. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya dawo. Ta ƙasan har wani siririn tsagi ya fara, na zagayen unguwar nan kawai. Dogo ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya koma shagonsa ya ja ƙofa.

Ya tambaye ni ba tare da ya ɗago ba: “Tun yaushe ka gani?”

Na ce tun ranar da ya ture min.

“Ka rufe min. Ka bar ni na je na sa hannu.”

Na ce, “Yaya, na kasa ne.”

Na so ya mare ni, da na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya ɗauki guduma ya buga wa wuyan sau ɗaya, ba ma da ƙarfi sosai ba, tsagin ya buɗe har haske na wucewa. Ya ajiye gudumar a inda take zama. Ya cire hular kwanon ya ɗora a kan kujerar babur, ya tafi gida a ƙafa cikin rigar fatar nan, rana na dukansa.

Can an jima masu baburan suka wuce ta gabanmu a jere, suna ham. Na shige ciki.

Talata, 22 ga Afrilu

Bai zo ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Bai zo ba. Na je gidan, matarsa ta tare ni a ƙofa ta ce yana kwance, ba ya son ganin kowa. Na juya zan tafi sai ta kira ni, ta ce ta ji abin da ya faru, Allah ya saka da alheri. Idonta ya kumbura. Ban san ko na cece shi ba ne ko na gama da shi.

Na rufe babur ɗin da tamfol. In an sake wuyan sai an sake kai shi wajen mai duba, sabon layi, sabuwar rana. Ba wanda ya yi maganar.

Litinin, 5 ga Mayu

Ya dawo yau. Ya rame. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ja benci bakin ƙofa ya zauna, hannun a kan cinya, a fili, yana ta rawarsa. Bai sa shi a aljihu ba.

Wajen hantsi wata mata ta zo da ƙafar keken ɗinki da ta karye, tana tambayar mai walda. Na tsaya ina jiran ya tashi. Sai ya nuna ni da haɓa, ya ci gaba da kallon titi.

Gilashinsa na sa, don babu wani. Warin zufarsa ne a ciki. Shekaru ban riƙe abin ba, na ɗauka hannuna ya manta, ashe bai manta ba. Ɗinkin ya tafi santsi tun daga farko har ƙarshe. Ban kai masa ya gani ba, shi ma bai waiwayo ba, amma na san yana jin ƙarar, kuma ya fi kowa sanin yadda mai kyau take.

Matar ta ce gobe za ta turo ƙanwarta da ƙofar ƙarfe. Na ce ta turo da wuri, kafin rana ta yi zafi. Sai da ta tafi na lura ban tambayi Yaya ba.