Ankon Hauwa

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Malam, ya yara? Mu a Gyadi-Gyadi lafiya lau.

Albishirinki. Tun da aka ceto Hauwa, 'yar ƙanenmu, daga masu tada ƙayar bayan da suka ɗora mata bindiga tana ƙarama, maƙwabta ba sa cin abin da ta taɓa. Jiya sai ga 'yan matan layinmu da atamfa, ankon bikin ƙawarsu.

Hauwa ta ce, "Gwaggo, ɓatan gida suka yi."

Babbarsu ta ce, "Naki ne. Ke ma za ki yi wa amarya lalle."

Yau na ji dariyarta har soro. Ki sa ta a addu'a, ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Ladidi