Ranar da Na Shiga Ɗakin Auta

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko bayan dogon rani, uwar 'ya'yana, abokiyar tafiyata ta shekara talatin da ɗaya,

Ina gaishe ki gaisuwar da bakina ya kasa yi tun kina kusa. Ya jikin 'yarmu, ya jaririya? An ce ta ɗauko goshina, Allah ya ba ta haƙuri. Kada ki yi dariya don kin ga tsohon kafinta ya ajiye zarto yana rubuta wasiƙa. Da fensirin awo nake rubutawa, wanda kike cewa da shi aka haife ni a bayan kunne, a kan teburin shago, bayan na hure garin katako.

Yau wata biyu ke nan da tafiyarki. Kin ce wa maƙwabta kin tafi taya 'yarmu reno, kuma gaskiya ne, amma ni na san sauran. A bakin ƙofa kin gaya mini kin gaji da yin kuka ke kaɗai a gidan da mutum biyu suka yi rashi. Ba ki faɗi ranar dawowa ba, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Sai kika miƙo mini mabuɗin ɗakin Auta, kika ce mutanen Laraba za su zo kamar kullum, in na ga dama in buɗe musu. Wayyo, masoyiyata! Tun daga ranar gidan nan ya yi mini faɗi. Shukokinki na bakin taga ina ba su ruwa safe da yamma, amma sun san ba hannunki ba ne, duk sun sunkuyar da kai. Wa zai yi mini faɗa in na shigo da garin katako a gashina? Wa zai cika mini sukari a shayi ya rantse cokali ɗaya ya sa?

Kin tuna kujerar mahaifiyarki, wadda kika kawo gyara shagon maigidana muna yara? Sau uku kina dawo da ita tana rawa, kina hararata, kina cewa wannan wane irin kafinta ne. Da gangan nake barin ƙusa ɗaya, don in sake ganin ki tsaye a ƙofa, rana na haskaka gefen fuskarki. A karo na huɗu kika ce in maganata ce a bakina in faɗa, in bar kujerar tsohuwa ta huta. Tun can kin fi ni ƙarfin faɗin abu da sunansa.

Haka kika yi da Autanmu ya rasu. Ni da Yaya, babban wana, muka tsara a zaure cewa zazzaɓi ne, saboda sunan gida, kuma haka na riƙa gaya wa duk wanda ya zo ta'aziyya. A rana ta uku, gida cike da mata, kika ɗaga kai kika ce, "Ba zazzaɓi ba ne. Ƙwaya ya sha ta fi ƙarfinsa. Duk mai ɗa ta je ta duba nata." Kafin yamma maganar ta zagaye unguwa. Na ji kamar kin tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa. Na ɗauke miki wuta, na mayar da gaisuwata kalma biyu, na bar ki da hoton yaro da tarin kayansa. Da kika share ɗakinsa kika buɗe shi ga masu fama su daina shaye-shaye da iyayen da suka yi rashi irin namu, na ce kin tara mana 'yan maye a gida. Kin roƙe ni benci huɗu, na yi miki, na ajiye a tsakar gida ban ko leƙa ba. Shekara guda cur, duk Laraba da yamma sai aikin gaggawa ya same ni a shago, ko da kuwa babu ko ƙusa ɗaya da ke jirana.

To ga abin da ya faru bayan tafiyarki. Larabar farko na yi niyyar in buɗe in gudu. Na buɗe ɗin, har na juya, sai na ji wani benci yana ƙara ƙarƙashin dogon nan mai walda, wanda suke kira Dogo. Kin san halina, zan iya jure zagi amma ba zan iya jure bencina yana rawa a gaban mutane ba. Na ɗauko guduma na shiga, na durƙusa ina gyara, su kuma suka ci gaba da maganarsu kamar ba na wurin. Ƙusa biyu ce aikin, amma na yi awa guda a durƙushe. Mako na gaba sai na ga ƙyauren taga yana buƙatar duba. Wani makon kuma ƙofa. Mai Ɗinki, ƙawarki mai bakin nan, wadda ta yi wata goma sha ɗaya rabonta da kwalbar maganin tari, ta ce in aka bar Baba Kafinta a haka wata rana zai kwance rufin ɗakin don ya sami dalilin shigowa. Kowa ya yi dariya, tsohon Direba ya matsa mini wuri, ya zuba mini shayi a murfin fulas ɗinsa. Na zauna, kuma ba wanda ya tambaye ni komai.

Ashe abin da kika gina ke nan, hasken gidana! Na ga Dogo ya shigo wata rana kansa a ƙasa, ya ce ya koma ruwa bayan kwana tamanin, ba wanda ya yi masa tsawa. Direba, wanda ya binne 'yarsa saboda wannan masifa, ya ce daga gobe zai riƙa biya masa da safe su tafi wurin aiki tare. Na ga wata uwa ta zo da takalman ɗanta a jaka, ta kasa kyautar da su ta kasa ajiye su, mata suka kewaye ta har ta yi kukanta ta gama. Dogon nan kuma ya san Autanmu. Ya ce sau biyu yaron ya yi ƙoƙarin dainawa shi kaɗai, kuma yakan yi musu alfahari cewa babu kujerar da babansa ya taɓa gyarawa aka dawo da ita. Na yi dariya da hawaye, don ke da ni mun san ba haka ba ne.

Larabar da ta wuce wani mai aski ya zo, mako uku da rasuwar ɗansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa, ya ce shi dai wucewa yake, kuma nasa yaron zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ba wanda ya ƙaryata shi, Direba ma wuri kawai ya matsa masa. Ni kuwa sai na ji muryata ce ke fitowa daga bakin mutumin, da irin saurin da nake faɗin kalmar don kada a ƙara tambaya. Ban san lokacin da na fara magana ba.

Abin da na gaya musu shi ne zan gaya miki yanzu. Wata huɗu kafin Auta ya rasu, na buɗe akwatin kayan aikinsa ina neman tef na awo, na tarar da ƙwayoyi a ƙunshe ƙarƙashin ƙusoshi. Na san ko mene ne. Na kwashe su na jefa a wutar da muke ƙona guntayen katako, na rufe akwatin, na ci gaba da aikina. Ban ce masa komai ba, ban ce miki komai ba. Na yi tsammani zai ga babu su ya gane na sani, kunya ta gyara shi. Gaskiya kuma tsoro nake ji, ina ganin in ban faɗa ba abin bai zama ba. Da na ce zazzaɓi ne, ba sunan yaro nake rufa wa asiri ba, nawa nake rufawa. Fushin da na yi da ke ma da kaina nake yi, ke ce kawai kike kusa.

Da na gama, Direba ya dafa gwiwata ya ce, "Kafinta, ni na yi magana, na yi faɗa, na kulle ƙofa, duk da haka 'yata ta tafi. Ba wanda ya san abin da zai faru da ka yi magana. Amma wannan zancen ba mu ne muka fi cancanta mu fara jin sa ba." Mai askin nan ya shigo ya zauna a kusa da ni har aka tashi. Washegari na je wurin Yaya na ce masa daga yau in an tambaye ni zan faɗi abin da ya kashe ɗana.

Na gode miki, tauraruwata. Na gode da kika faɗi gaskiya a ranar da na bar ki ke kaɗai da ita. Na gode da shekarar da kika yi kina dafa mini abinci ina amsa miki da hanci. Na gode da mabuɗin da kika bar mini, alhali kina iya ba Mai Ɗinki. Wace irin zuciya Allah ya ba ki, da wutar da ta ƙone ki kika mayar da ita abin da mutane ke jin ɗumi? Da me na cancanci ki bar mini ƙofa a buɗe bayan na rufe miki tawa? Ina son ki fiye da ranar da kika fara tsayawa a ƙofar shago, kuma ina kewarki har abinci ba ya wuce mini.

Na sani wannan takarda na iya nisanta ki maimakon ta dawo da ke. Da na ɓoye, wataƙila da kin dawo da wuri, amma wurin mutumin da kika bari za ki dawo, ni kuma na gaji da shi. Kina da haƙƙin yin fushi, ki yi shi iya ƙarfinki, ni zan tsaya in saurara. Ba na roƙon ki yafe mini yau. Ina roƙon ki bar ni in zauna kusa da ke mu yi kukan ɗanmu tare, wanda ban taɓa yi a gabanki ba.

Ranar Asabar zan shiga motar safe in zo. In kin ce ba ki shirya ganina ba, zan ɗauki jikata in yi mata addu'a, in gaishe ki daga bayan labule, in koma. Asabar ta gaba kuma zan sake zuwa.

Naki, jiya da yau, har ranar da za a auna mini nawa katakon,

Mijinki, uban Auta