Farar Ƙasa a Gefen Takalmina

Talata. Aikin farko: wanke takalmin wasa. Ban wanke ba.

Zuwa ga yayana Tizhe,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina sanar da kai cewa gida lafiya, Mama ma tana nan da ƙarfinta, sai dai ciwon gwiwa. Shekara shida ke nan da muka kai ka makwancinka, ban taɓa rubuta maka ba. Yau tambaya ce ta kawo ni, kuma duk Mubi ban ga wanda ta dace da shi kamar kai ba, tunda ka yi shekara goma sha biyar kana alkalancin ƙwallo, daga filin Lokuwa har Maiha.

Ka tuna wasan faifan roba da wani ɗan bautar ƙasa ya kawo makarantar da nake aikin sito? Firisbi suke ce masa. Sau ɗaya ka zo kallo. Na tsaya ina yi maka bayani: mutum bakwai kowane ɓangare, wanda ya kama faifai ba ya gudu da shi, sai ya jefa wa ɗan'uwansa, idan aka cafe a gidan da ke ƙarshen fili an ci ɗaya. Ka tambaye ni ina alkalin. Na ce babu, kowa shi ke faɗin laifinsa da bakinsa. Ka yi dariya har ka dafa kafaɗata, ka ce, "Zira, wasa babu alkali ai dambe ne da ba a fara ba tukuna."

Ɗan bautar ƙasan ya gama shekararsa ya tafi, ya bar mana faifai uku da rabin dokoki. Duk inda doka ta yanke mana, sai mu cike da taku ta ƙwallo. A yashin bakin mayo, kogin nan namu, muke wasa, da toka muke ja layi, kuma kai ka koya mana cewa layi ma cikin fili ne. Shekara takwas ƙafafunmu suna aiki da wannan.

Watan jiya aka gayyace mu babbar gasa a Abuja. Ni ne kyaftin, ba don na fi kowa iyawa ba, sai don na fi kowa shekaru kuma ni ke yawo da littafi. Yaya, da ka ga filin. Ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, layi fari tas, faɗinsa kamar tafin hannu. A taron kyaftin-kyaftin na fara jin cewa a wannan wasa layi waje ne, ko gefen takalmi ya taɓa shi ka fita. Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi, na karanta wa mutanenmu lokacin shan shayi. Kowa ya ce to.

Mun ba mutane mamaki, mu ma mun ba kanmu. Iskar da ke rikita wasu, mu mun saba da wadda ta fi ta a bakin mayo. Har muka kai wasan kusa da na ƙarshe, da wata ƙungiya daga Legas. Wanda ya fara kai sha biyar shi ya ci, sai ga mu sha huɗu da sha huɗu.

Hammadu ne ya riƙe faifai, mai shagon nan na Nassarawo da kake sayen batir a wurinsa. Shekara biyu yana koyon wani dogon jifa mai lanƙwasa, kuma kwana biyar ya rufe shagonsa don wannan tafiya. Ya ɗaga kai ya gan ni, ya saki faifai. Na yi gudun da ban san ina da shi ba a shekara arba'in da ɗaya, na cafe a kusurwar gidansu. Mutanenmu suka taho a guje suna ihu.

Wanda ke tsare ni, wani dogon mutum, bai yi gardama ba. Ya matso yana haki ya tambaye ni inda ƙafata ta dama ta sauka, ya ce shi yana bayana, bai gani ba. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne, a shirye yake ya karɓi duk abin da na faɗa. Na duba ƙasa. A yashinmu sawu muke zuwa mu duba, magana ta ƙare. Ciyawa ba ta riƙe sawu.

Na ce na taka layi. Faifai ya koma hannunsu, jifa huɗu suka ci.

Bayan wasa suna da wata al'ada, ƙungiyoyin biyu su gauraya su yi da'ira, kowa ya dafa kafaɗar abokin karawarsa, a faɗi abin da aka gani a wasan. Suka yi ta yabona, ni kuwa ina kallon takalmina. Akwai farar ƙasa a gefensa na dama. To amma yini guda na yi ina tsallaka layuka, wa ya san lokacin da ta shafe shi?

Ka san ƙanenka. Ni ne mai komawa sau uku ya duba kwaɗon sito. Ni ne na soke amsar da take daidai a jarrabawar fita sakandare, ka yi mako kana yi mini tsiya. Shi ya sa nake tambayar kaina: gaskiya ce ta yi magana a ranar, ko tsohon ciwon nan nawa ne ya raba mutum goma sha huɗu da wasan ƙarshe?

A mota babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga ɗin. Muka yi ta tafiya har muka wuce Hong. Nan Hammadu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Da ka ce ba ka sani ba, da faifai ya dawo hannuna na sake jifa." Na duba dokar daga baya, haka take. In ba a tabbatar ba, a koma wurin mai jifa. Tun ranar na rubuta takardar ajiye muƙamin kyaftin, tana cikin littafina, ban je bakin mayo ba.

Ga tambayata, Yaya. Ranar da ka soke ƙwallon nan a Lokuwa, 'yan kallo suka raka ka da jifa har bakin titi, ka shigo gida ka wanke hannu ka ci tuwonka, ka ce wa Mama, "Abin da na gani na busa." Na ɗauka a lokacin kai ba ka san shakka ba. Sai a makon nan na tuna cewa washegari da safe na same ka tsugune a bayan rumbu, kana zana fili a ƙasa da tsinke, kana ajiye tsakuwa kana ɗagawa. Da ka gan ni ka share da ƙafa. Me kake nema a wurin? Ashe kai ma shakka takan biyo ka gida bayan usur ya yi shiru?

Ina cikin rubuta maka wannan na lura da wani abu. Duk rayuwata babu maganar da ta fi mini sauƙi kamar "ban sani ba". Ita ce a bakin harshena kullum. A ranar kuwa ba ta zo ba. Na ga fari a ƙarƙashin ƙafata kafin na ji ihun mutanenmu. Shakkar a mota ta same ni, ba a fili ba.

Ɗazu da la'asar keke ya tsaya a ƙofar gida. Hammadu ne, da rabin buhun farar ƙasa. Bai shigo ba, ya dire a bakin zaure ya ce, "Kyaftin, tunda kai ba ka iya ƙarya, gara mu koya wa ƙafarka gaskiya. Gobe ƙarfe huɗu." Ya hau kekensa ya tafi, bai jira amsa ba.

Usur ɗinka yana nan a ƙusar da ka bar shi, Yaya, nakan goge shi. Da kana nan da na kai ka Abuja ka ga babbar gasar da ba a buƙatarsa, na san da ka ce ƙarya nake. Na yi kewarka ƙwarai. Ubangiji ya ba ka hutawa a wurinsa, ya ja kwanan Mama, ni kuma ya ba ni ido mai gani da bakin da zai tsaya a kan abin da ya gani. Amin.

Ƙanenka,
Zira

Ayyukan gobe, Laraba:
1. Kai Mama awon gwiwa.
2. Cire takardar nan daga littafi.
3. Aro igiya da gwangwani don jan layi.
4. Sake gaya wa kowa: layi waje ne.
5. Wanke takalmi, har da na dama.