Saudatu Ta Kauce Mini

Wurma, 6 ga Disamba, 1962

Zuwa ga ɗana Hamma, a masaƙar Kaduna.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da injinan da ke kurmantar da kai. Innarka na gaishe ka. In ka ga baƙaƙen sun karkace, laifin malamin yaƙi da jahilci ne, ya sauke ni ban nuna ba.

Bayan haka, kada hankalinka ya tashi. Ran kasuwar Dutsin-Ma motar gyaɗa ta buge matarka Saudatu a bakin tasha. Ƙugu ne da ƙafa. A motar aka kai ta asibitin Katsina, kwance bisa buhuna. Tana magana, har ta tambayi wanda ya ɗauke mata ƙwaryar nononta. Ka roƙi Baturenku ya bar ka ka zo.

Ni ne tsohonka,
Lado

Wurma, 20 ga Disamba, 1962

Zuwa ga Hamma.

Bayan gaisuwa, ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙanta, Ya ba ka dangana. Na san wayar rasuwar ta riga wannan takarda. Ka aiko kana tambayar yadda mace mai natsuwa irin Saudatu ta faɗa gaban mota. Innarka ta ce in rubuta ajali ne kawai. Ajali ne, amma ga yadda ya zo.

Ni ta gani. Na fito daga 'yan goro ina ba mutane dariya kamar kullum, ita tana tafe da ƙwarya a ka, muka yi kiciɓis. Ka san ta da kunyar suruki. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya baya, ta kauce mini. Hanyar da ta bar mini faɗinta ya ishi raƙumi, ita kuwa ta sauka kan titi. Direban ya yi ta busa ƙaho. Na buɗe baki in kira ta, sai na tarar ban taɓa kiran sunanta ba, harshena ya tsaya yana neman abin da zai ce. Ni da ake roƙo in yi shiru a gidan makoki.

Kasuwar da ta zagayo ɗan doka ya hau turmi yana shela, a dubi dama a dubi hagu kafin a tsallaka. Na tambaye shi wadda ta rufe fuska ina za ta duba. Mutane suka yi dariya, sun ɗauka barkwancina ne.

Na je dubiya asibiti. Da ta ji muryata sai ta fara laluben zane don ta rufe fuska. Na koma waje don ta huta. Ina tsaye bayan taga ta cika.

Hamma, tun da aka kawo ta gidan nan ban taɓa ganin fuskarta sosai ba. Ɗiyarku Azumi na bisa ƙafata yanzu, tana ja mini alƙalami. Mata na ta cewa uwarta ce sak, ni kuma sai in gyaɗa kai. Ka zo ka faɗa mini ko gaskiya ne.

Wassalam,
Lado