Sati Biyu Ina Danna wa Hajiya Ƙirji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana, don Allah shawararku nake nema, abin nan ya hana ni sakat.

A Germantown, can Amurka, nake zaune da mijina. Bara ciwon baya ya sa ni gaba, aka haɗa ni da wata 'yar China mai magani da ƙananan allurai, kuma na ji daɗin aikinta. Ita ta nuna min wani wuri a tsakiyar ƙirji, daidai kan ƙashi, ta ce in damuwa ta sa numfashina ya yi nauyi in riƙa danna shi a hankali. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta ce in ciwo ne na gaske asibiti ake zuwa.

To Hajiyarmu ta zo min wankan jego daga Kano, sai ta fara cewa ƙirjinta kamar an ɗora dutse. Ta tsani asibiti, ni kuma ga jariri ga gajiya, na ce kawo in gwada miki na 'yan China. Kullum bayan sallar asuba in danna mata, in tambaye ta ya jiki, ta ce da sauƙi. Ni fa na san Hajiya, ko ƙafa aka yanke mata da sauƙi za ta ce, amma na karɓa don abin da nake son ji ke nan. Sati biyu muna haka, ranar wata Talata ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Ashe zuciya ce.

A asibiti likita ya tambayi yaushe ciwon ya fara, Yayana da ya taho daga Mitchellville yana tsaye, kawai na ji bakina ya ce jiya. Hajiya ta kalle ni ta kawar da kai. Ta tashi alhamdulillahi, amma an ce zuciyar ta riga ta taɓu, yanzu ko bene ba ta iya hawa. Yaya kuwa sai sa min albarka yake, wai na yi saurin kiran asibiti. Wallahi duk lokacin da ya faɗa ji nake kamar in nutse.

Na san halinsa, ranar da ya ji gaskiya zai ɗauke ta ya kai gidansa, ba zai ƙara yarda da ni a kanta ba. Yau da safe ta kamo hannuna ta ɗora a wurin, wai nawa ya fi ƙwayoyin asibiti daɗi, na danna ina kuka. In faɗa masa, ko in yi shiru tunda ita da na cutar ce ta rufa min asiri?